Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Ina Zakarun Gasar Ɗinki ta Talabijin Suke Ƙarewa?

A watan Fabrairun 2005 aka bayyana Jay McCarroll a matsayin zakaran farko na Project Runway, gasar zanen tufafi da tashar Bravo ta Amurka ta fara haskawa a Disambar 2004. Kyautar ba ta wasa ba ce a wancan lokacin: dala 100,000, da horo a kamfanin tufafi na Banana Republic. Sai mutumin ya ce a kai kasuwa. Ba taɓin hankali ba ne, ba kuma girman kai ba. Takardar yarjejeniya ya zauna ya karanta, ya tarar da sharaɗin da ya mallaka wa masu shirin kashi 10 cikin 100 na abin da sana'arsa za ta haifar nan gaba. An soke sharaɗin daga baya, waɗanda suka biyo bayansa suka ci moriyar taurin kansa, shi kuwa ya fita da suna a bakin duniya, aljihu wayam.

Yau sama da shekara 20 ke nan ana wannan wasa. Project Runway ta haura zango 20, ta kuma hayayyafa a ƙasashe da dama: tashar MBC ta yi ta Larabawa a 2016 da mai zanen tufafi Elie Saab a kujerar alƙalanci, Afirka ta Kudu ta yi tata a 2018, Amazon da Netflix suka shigo da nasu a 2020. Ɗaruruwan masu zanen tufafi sun tsaya gaban alƙalai, an kuranta wasu, an sallami wasu da hawaye. Masu kallo kuma har gobe suna musu a kan abu ɗaya: bayan an naɗe kyamara kowa ya kama gabansa, ina waɗannan mutane suke nufa? Wasu sun ce hanyar arziki ce ga wanda bai da uwa a gindin murhu. Wasu sun ce yaudara ce tsagwaronta.

Ni dai ban yarda da ko ɗaya daga cikin biyun ba, kuma gara in faɗi matsayina tun da wuri. Gasar ba ta gina wa kowa sana'a. Talla ce ta 'yan makonni da ake bai wa mutum a gaban miliyoyin jama'a. Wanda ya zo da kaya a hannu, da masu ɗinki a baya, da sanin lissafi a ka, sai tallar ta ɗaga shi. Wanda ya zo da baiwa zalla yana jiran kofi ya zame masa jari, shi ne ake tambayar inda ya shige bayan shekara uku.

A duba abin da ake gwadawa a shirin. Ana killace 'yan takara makonni, ba waya, ba intanet, ba ganin iyali. A tashe su da sassafe a sanar da aikin ranar. A kai su kantin yadi na Mood da ke New York, a miƙa wa kowa 'yan daloli, a ce yana da rabin awa ya zaɓi yadi da zare da maɓalli. Daga nan sai ɗakin aiki: kwana ɗaya ko biyu, mutum ya zana, ya yanka, ya ɗinka, ya gwada a jikin mai tallan kayan, agogo na gudu, kyamara na kan fuskarsa tana jiran ya fashe da kuka ko ya zagi na kusa da shi. Wani lokaci ma ba yadin. Aikin farko da aka taɓa bayarwa a tarihin shirin, kantin kayan masarufi aka kai su aka ce kowa ya samo abin da zai yi riga da shi, Austin Scarlett ya ci ranar da rigar da ya haɗa da bawon masara. Abin kallo ne, babu musu. Amma wace mata ce za ta fitar da kuɗinta ta sayi rigar bawon masara, wanda kafin gari ya waye ya fara bushewa?

Dokokin ma kansu suna karo da yadda ake sana'ar a waje. A zango na uku, a 2006, an kori Keith Michael saboda an samu littattafan koyon yanka a ɗakinsa. A wannan zangon dai aka zargi Jeffrey Sebelia da cewa ya ba wasu ɗinkin kayan da zai fitar a zagayen ƙarshe, aka bincika rasit-rasit ɗinsa, aka wanke shi, ya kuma ci gasar. To, a kasuwa ta gaskiya, mai zanen tufafin da ba ya duba littafi, ba ya kuma raba aiki ga masu yanka da masu ɗinki, ba zai kai ko'ina ba. Abin da shirin ya ɗauka laifi, shi ne ginshiƙin sana'ar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a talabijin ana ba da kyauta ne ga wanda ya fi kowa iya ɗaukar ta shi kaɗai.

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela a jajibirin Sallah ya san irin wannan gwaninta: keke na kuka har asuba, yadi jibge a kusurwa, mai kaya tsaye a ƙofa yana huci. Telan da ya fitar da kaftani a daren nan gwani ne. Sai dai ba daren ne ke nuna ko shagonsa zai kai baɗi ba. Watannin da ba Sallah ba biki, lokacin da kuɗin haya ke jira kuma yaran shago na son sallama, su ke nunawa.

Ga yadda harkar take a New York ko Landan ko Paris, inda zakaran zai faɗa washegarin nasararsa. Da kuɗinsa zai ɗinka samfuri na kowace riga. Da kuɗinsa zai nuna wa masu saye na manyan kantuna, kusan wata shida kafin kayan su hau kanta. Idan sun yi oda, murna ta koma ciki, domin shi zai sayi yadin, shi zai biya masana'anta, ita kuma masana'antar ba ta kunna injinta don riga goma, tana da mafi ƙarancin adadin da take karɓa. Ya kai kaya, kantin ba zai biya nan take ba, sai bayan kwana 30 ko 60, wani lokaci fiye. Idan kayan sun makara, ko an manna lamba ba daidai ba, a zaftare masa. Idan ba su shiga ba aka karya farashi, a nemi ya ɗauki wani kaso na asarar. Rigar da mai saye ya gani da tsada a kanti, kantin ne ke ɗaukar fiye da rabin kuɗinta. Kafin kuɗin kakar farko su dawo, lokacin ɗinka samfurin kaka ta biyu ya yi. Shi ya sa oda mai yawa kan kashe ƙaramin kamfani kamar yadda rashin oda ke kashe shi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da alƙalan gasa ke tambaya a kai.

Yanzu a ɗora dala 100,000 a kan wannan sikeli. Gwamnatin Amurka tana ɗaukar kyautar gasa a matsayin kuɗin shiga, don haka haraji zai fara cin rabonsa. Abin da ya rage, baje koli guda ɗaya na ƙasa da kwata na awa a makon kayan ƙawa na New York yana iya lamushe shi: kuɗin zaure, fitilu, masu tallan kaya, masu kwalliya, masu gayyato 'yan jarida. An ƙara kyautar zuwa dala 250,000 a 2019 lokacin da shirin ya koma Bravo bayan shekarun da ya yi a tashar Lifetime. Da babu gara ba daɗi, amma har yanzu kuɗin kaka ɗaya ne ko biyu ga wanda yake son ya kara da manya.

Nan ne masu kare gasar ke ɗaga hannu: Christian Siriano fa?

Tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Siriano ya ci zango na huɗu a Maris ɗin 2008 yana ɗan shekara 22, yaro siriri mai surutu da gashi a karkace. A watan Satumban wannan shekarar ya fitar da kayansa na kansa a New York. Yau sunansa na cikin waɗanda ake ji a harkar tufafin Amurka. Rigarsa mai shuɗi Michelle Obama ta sa ranar da ta yi jawabi a babban taron jam'iyyar Democrat a Yulin 2016. A bikin Oscar na 2018 mata 17 ne suka fito da ɗinkinsa. Tun 2019 shi ke zagaya ɗakin aikin Project Runway yana ba 'yan takara shawara, aikin da Tim Gunn ya yi shekara da shekaru. Da annobar korona ta rufe New York a Maris ɗin 2020, gwamnan jihar ya yi kiran a taimaka da takunkumin fuska, Siriano ya juya masu ɗinkinsa suka koma yin takunkumi.

Amma a bi sawun yadda ya kai nan. Kafin ya taka ƙafa a talabijin ya yi karatu a Landan, ya yi zaman koyon aiki a gidan Vivienne Westwood da na Alexander McQueen. Da ya ci gasar bai tsaya jiran manyan mujallu su sa masa albarka ba. Ya ƙulla da Payless, kantin takalman talaka, yana zana musu takalma da jakunkuna masu araha. Har soson wanke-wanke ya zana wa wani kamfani. Masu ji da kansu a harkar suka yi ta dariya, shi kuwa da kuɗin takalmin yake biyan masu ɗinka rigunan siliki. Sannan ya hango kasuwar da manya suka raina, wato mata masu jiki. A 2016 'yar wasan barkwanci Leslie Jones ta koka a Twitter cewa babu mai zanen da ya yarda ya yi mata rigar bikin fitowar fim ɗinta Ghostbusters. Siriano ya amsa, ya yi mata jar riga, labarin ya zaga duniya. A shekarar dai ya fitar da kaya tare da Lane Bryant, kantin mata masu ƙiba. Duk da haka ƙungiyar masu zanen tufafi ta Amurka, CFDA, sai a 2013 ta karɓe shi, shekara biyar bayan nasararsa.

Ashe ba kofin ne ya yi shi ba. Kofin ya buɗe ƙofa, shi kuma ya shiga da wayon ɗan kasuwa wanda ba ya ƙyamar ƙaramar riba. Kuma in da gasar ce ke ƙera irinsa, ina na biyu? Zakaru sun haura 20, amma duk lokacin da aka tashi kare shirin suna ɗaya ake kamawa. Makarantar da ta shekara 20 tana nuna ɗalibi guda a allon talla, ai sai a tambayi sauran.

To, sai ɗaya ɓangaren su yi tsalle su ce ka gani, ai mun faɗa, damfara ce. Su ma ban bi su ba, kuma a nan ne nake ganin an fi yi wa 'yan takarar rashin adalci. Ma'aunin da ake ɗora su a kai karkatacce ne: ko ka zama Dior ko ka zama ba komai ba. Wace sana'a ce ake aunawa haka?

Chloe Dao, wadda ta ci zango na biyu a 2006, 'yar gudun hijira ce da iyayenta 'yan asalin Vietnam suka kawo Houston tana ƙarama. Tun a 2000 ta buɗe shagonta, Lot 8, sunan da ta raɗa masa saboda su takwas ne mata a gidansu. Da ta ci gasar mutane sun zaci za ta tattara ta koma New York. Ta ƙi. Ta koma shagonta, ta ci gaba da yi wa matan garinsu ɗinki, ta sayar da kaya a tashar cinikayya ta QVC. Wasu suka ce ta yi ƙaramin buri. Ni kuwa na ce ta san inda abincinta yake. Leanne Marshall, zakarar zango na biyar, ta kama rigunan amare, inda mai kaya ke biyan kafin alƙalami kafin a sa almakashi a yadi, ba a jiran kanti ya biya bayan wata biyu. Scarlett mai bawon masara, wanda bai ma kai ga kofi ba, shi ma rigunan amare ne suka riƙe shi.

Waɗanda suka faɗi ma wasunsu sun fi zakarun cin riba. Kara Saun ta zo ta biyu a zangon farko, ita ta zana kayan fim ɗin Descendants na kamfanin Disney. Emilio Sosa ya zo na biyu a zango na bakwai, ya koma gidajen wasan kwaikwayo na Broadway inda dama can yake aiki, an sa sunansa a takarar lambar Tony, har ya shugabanci ƙungiyar American Theatre Wing. Korto Momolu, haifaffiyar Laberiya, ta zo ta biyu a 2008 ta ci gaba da sana'arta daga jihar Arkansas. Michael Costello kuwa, abokan takararsa a 2010 sun yi ta yi masa gorin bai iya ɗinki ba, ya ƙare a na huɗu. A Janairun 2014 Beyoncé ta fito bikin Grammy da farar rigar leshi ta ɗinkinsa. Wadda ta ci wancan zangon, Gretchen Jones, daga baya ta rufe kamfaninta, ta tafi Landan ta yi digiri na biyu a harkar kasuwanci, ta koma ba kamfanoni shawara. McCarroll kansa ya koyar da zanen tufafi a jami'a a Philadelphia.

Wannan ba jerin waɗanda suka lalace ba ne. Mutane ne masu cin abinci da hannunsu. Sai dai a lura da abin da ya haɗa waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu: ko dai sun zo da sana'ar tun farko, ko kuma sun bar babban titi sun kama lungu guda, amare, fim, wasan dandamali, taurari masu zuwa biki. Babban titin da shirin ke nuna musu, wato ka kafa gida mai sunanka ka cika kantunan duniya, shi ne wanda ya fi cin mutane.

Akwai masu cewa matsalar ƙarancin kuɗi ce kawai, a ƙara kyauta a haɗa da kasuwa, magana ta ƙare. An gwada. A 2012 tashar NBC ta fito da Fashion Star, inda masu saye daga Macy's da H&M da Saks Fifth Avenue ke zaune suna taya kaya a gaban kyamara, washegari kuma kayan na kanti. Zakarar farko, Kara Laricks, tsohuwar malamar firamare, an ce ta ci dala miliyan 6. Amma darajar odar da kantunan uku za su yi ce, ba kuɗin da za ta zuba a asusunta ba. Shirin ya mutu bayan zango biyu, Laricks kuma daga baya ta bar harkar tufafi ta koma aikin haɗa masu neman abokin zama. Oda ɗaya, komai girmanta, ba ta zama ciniki sai an dawo an sake.

Amazon ta ɗaga abin sama a 2020 da Making the Cut, ta ɗauko Heidi Klum da Tim Gunn na Project Runway, ta sa dala miliyan 1, kuma rigar da ta ci kowane mako ana iya sayen ta a shafin Amazon da zarar an gama kallo. Netflix ta sa dala 250,000 a Next in Fashion, da alƙawarin sayar da kayan zakara a kantin intanet na Net-a-Porter. Amma su wa suka gayyata? Jonny Cota, zakaran farko na Amazon, ya fi shekara goma yana tafiyar da kamfaninsa na Skingraft a Los Angeles. Andrea Pitter da ta gaje shi a 2021 tana da shagon kayan amare a Brooklyn. Minju Kim 'yar Koriya ta Kudu, zakarar Netflix, ta yi karatu a shahararriyar makarantar zane ta Antwerp a Beljiyam, ta ci lambar H&M ta matasan masu zane tun 2013, ta yi wa mawaƙan BTS kaya. Wanda ya zo mata na biyu, Daniel Fletcher, ya fito daga Central Saint Martins ta Landan da kamfaninsa a hannu. Wato da kuɗin suka yi nauyi, masu shirin da kansu suka daina neman ɗanyen hannu. Sun gane abin da nake faɗa tun kafin in faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙorafin da na fi tausaya wa shi ne na masu cewa manyan harkar ne ke toshe hanya, suna kallon duk wanda ya fito daga talabijin a matsayin ɗan wasa. Akwai ƙamshin gaskiya. Harkar kayan ƙawa tana rayuwa ne da nuna cewa ba kowa ke shiga ba, kuma wanda duniya ta kalla yana kuka a kan zik ɗin da ya ƙi rufuwa, da wuya a sayar da sunansa a matsayin abin alfarma. Amma ba girman kai ne kaɗai ba. A kwatanta da lambar kamfanin kayan alfarma na LVMH da aka fara bayarwa a Paris a 2014. Ba a cewa kowa ya yi riga da kwali cikin awa goma. Sharaɗin shiga shi ne ka riga ka fitar da kaya ka sayar. Alƙalan su ne masu jagorantar zane a manyan gidajen kamfanin. Wanda ya ci yana samun kuɗi, yuro 300,000 da farko kafin a ƙara daga baya, da shekara guda ta horo a kan masana'anta da farashi da shari'a da rarraba kaya. Thebe Magugu na Afirka ta Kudu ya ci a 2019. A wannan shekarar Kenneth Ize na Najeriya ya kai zagayen ƙarshe da saƙar aso oke, a Fabrairun 2020 kuma ya baje kolinsa a Paris, Naomi Campbell na cikin masu tafiya da kayansa. Waccan gasa tana neman wanda za a zuba wa jari. Ta talabijin tana neman wanda za a kalla ranar Alhamis da dare. Mai kanti ya san bambancin, shi ya sa ba ya rawar jiki.

To wa ke cin ribar? A kalli kujerun alƙalai. Michael Kors ya taɓa shiga shari'ar fatarar kuɗi a 1993. A 2003 manyan masu jari biyu, Silas Chou da Lawrence Stroll, suka sayi kaso mafi tsoka na kamfaninsa. A 2004 ya fitar da kaya masu sauƙin farashi, a shekarar kuma ya hau kujerar Project Runway, ya yi zango goma yana shiga falon Amurkawa kowane mako da baƙar magana mai sa dariya. A Disambar 2011 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta New York, a 2014 aka lissafa shi cikin masu dala biliyan. Ba na cewa talabijin ce kaɗai ta yi masa, jarin Chou da Stroll ne ƙashin bayan abin. Amma hakan ma hujjata ce: tallar ta yi aiki ne saboda akwai jakunkuna da agoguna jibge a kantuna suna jiran wanda ya ji sunan. Gunn ya tashi daga malamin makarantar Parsons ya zama babban jami'i a kamfanin Liz Claiborne a 2007. Kamfanonin kwalliya da na man gashi da na keken ɗinki sun ga sunayensu a bango kowane mako. 'Yan takara su ne ba barci, su ne kuka, su ne abin tsegumi a intanet. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada kuma a zaci kujerar alƙali laya ce. Zac Posen, wanda ya gaji Kors ya yi zango shida yana yanke wa matasa hukunci, a Nuwambar 2019 ya rufe nasa kamfanin saboda bai samu mai saye ko mai zuba jari ba. A shekarar ne kantin Barneys, wanda ya ɗaga matasan masu zane da yawa, ya durƙushe, Payless ma ta rufe kantunanta na Amurka. Idan mai ba da maki bai tsira ba, me ake tsammani daga wanda aka ba makin?

Abu ɗaya ne na yarda ya canza lissafin, shi ne wayar hannu. A zamanin McCarroll mai kallo na iya son rigarka har ransa amma bai da hanyar saye, kafin ka samu kanti an fara sabon zango an manta da kai. Yau ɗan takara na iya fita a mako na huɗu da dubban mabiya a Instagram, ya sayar musu kai tsaye, ba dillali ba jiran wata shida. Wannan dama ce ta gaske, har ga mai ɗinki a Legas ko Accra ko Kano da wata gasa za ta haska. Amma ta ƙara tsananta sharaɗin ne, ba ta sauke shi ba. Ɗokin masu kallo na 'yan kwanaki ne. Wanda ya shiga shafinka daren da aka nuna ka bai tarar da abin saye ba, ba zai dawo wata mai zuwa ba, wani shirin ya ɗauke masa hankali.

Don haka ƙorafina ga masu shirya irin waɗannan gasa, na can da masu kwaikwayonsu a nahiyarmu, ba wai su daina ba ne. Su daina sayar da ita da sunan haihuwar babban mai zane na gaba. Idan da gaske suke, su rage girman allon cekin da ake ɗagawa a gaban kyamara, su biya wa zakara masana'anta ta kaka biyu, su haɗa shi da akanta da lauya na shekara guda, su kuma dawo bayan shekara uku su nuna wa masu kallo inda zakarun baya suke, da masu shago da waɗanda suka rufe.

Kai kuma mai karatu, idan ƙanwarka ko ɗanka mai baiwar almakashi ya zo da sanarwar gasa yana zumuɗi, kada ka hana shi, kada kuma ka sayar da fili ka yi masa guzuri. Zaunar da shi ka tambaye shi: daren da za a nuna ka, idan mutum 200 suka nemi rigar nan, wa zai ɗinka, da wane kuɗi za a sayi yadin, nawa za ka sayar, nawa zai rage maka? In ya amsa da lissafi, ka raka shi har tasha. In ya ce ai idan ya ci komai zai zo, ka ce ya koma shago ya bari sai baɗi.